Hanyar Gidan Arvid

Arvid Salmi ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar 'yan makaranta a nan arewacin Michigan, bai taɓa jefa ta a rami ba. Ko ba ka tambaya ba sai ya faɗa maka. Mutum ne dogo, marar yawan magana in ba a kan tuƙi ba, mai taurin kai irin na tsofaffinmu. Shi da matarsa Darlene suna zaune a gidan katakon da ubansa ya gina a cikin daji, kwatan mil daga titi.

Wannan kwatan mil ɗin bai taɓa hana shi barci ba, don akwai maƙwabci mai tarakta da ke share masa dusar ƙanƙara tun daga Nuwamba har Afrilu. Sai abubuwa biyu suka faɗo masa a shekara guda. Da bazara ɓarin jikin Darlene ya shanye, maganarta ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Da kaka kuma maƙwabcin ya sayar da gida da tarakta ya bi 'ya'yansa kudu.

'Yarsu Heidi ta zo daga birni, ta zaunar da uban a kicin.

"Baba, na samar wa Mama ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Yana da tsabta, akwai ɗumi."

"Nan ɗin sanyi ake yi?"

"Ka san abin da nake nufi. Nas tana zuwa sau uku a mako. Ranar da motarta ta kasa zuwa bakin ƙofar nan, motar asibiti ma ba za ta iya ba. Ranar zan zo in tafi da ita, kuma kada ka ce na yi maka rashin kunya."

Ya ce ya ji, hanya ba za ta toshe ba.

Tarakta ta fi ƙarfin aljihunsa, don haka zaɓi biyu ya rage. Ko injin nan da ake turawa da hannu, mai tauna ƙanƙara ya watsa ta can nesa, ko babur mai ƙafa huɗu da aka ɗaura wa garma a gaba. Ya tafi dubawa tare da Duane, ƙanin Darlene, wanda shekara arba'in ke nan yana tsokanarsa bai gaji ba.

"Ɗauki mai watsawa, tsoho," in ji Duane. "Shi kawar da ita yake yi. Garma kuwa ture ta kawai take yi gefe, ta zauna tana jiran ka."

"Da waɗanne gwiwoyin zan bi shi a baya? Awa biyu zuwa da dawowa. Wa zai zauna da yayarka?"

"Faɗi gaskiya dai, wasan yara kake so. Tun ɗazu kake shafa kujerar nan kamar ka ga amarya."

Duka biyun gaskiya ne. Gwiwoyinsa sun mutu, kuma ba a barin Darlene ita kaɗai awa biyu. Amma kuma tun da ya ajiye aiki hannunsa ke ƙaiƙayin sitiyari. Ya ɗauki babur ɗin. Duane ya bi shi da magana har bakin mota: "To ka ji. Tun faɗuwar farko ka tura ta can ciki, nesa da hanya, iya ƙarfinka. In ka tara ta a gefe, watan Fabrairu ba ka da inda za ka kai wata."

Arvid ya san da haka, kowa a nan ya sani. Abin da Duane ya manta shi ne itatuwan tuffa. Darlene ce ta dasa su da hannunta, layi biyu daga ƙofar gida har titi, shekara biyar da suka wuce, kuma har yanzu ba su wuce kafaɗar mutum ba. A da tarakta tana watsa ƙanƙara ta saman kansu. Garma ba ta da hanya sai ta kansu.

Ranar faɗuwar farko ya zaunar da ita a bakin taga, ya fita. Ya kwaso tulin farko ya danna shi cikin layin, wata 'yar bishiya ta kwanta, ta karye. Duk da ƙarar inji sai da ya ji bugun gilashi. Darlene ce take dukan taga da hannunta mai lafiya, bakinta a buɗe, hawaye na zuba. Tun da ciwon ya same ta bai ga ta nuna tana son wani abu a duniya ba sai ranar. Ya ja da baya. Daga nan ya riƙa tara ƙanƙarar a gefen hanya, dab da itatuwan, bai ƙara taɓa ko ɗaya ba.

Watan Disamba ya yi masa daɗi, ba a ɓoye wannan. Minti ashirin ya gama, hanya ta miƙe sumul, ya shigo ya haɗa musu kofi kafin nas ta iso. Har waƙa aka ji yana yi.

A tsakiyar Janairu aka yi ɗumi na kwana biyu, ƙanƙara ta jiƙe, sannan sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Tulin gefen hanya ya daskare ya zama katanga. Garma ta doke shi ta dawo. Duk sabuwar da ta sauka sai ta manne a jikin tsohuwar, kowane mako hanya ta rage faɗi. Duane ya kawo wani mai katafila ya duba, mutumin ya ce zai iya fasa katangar, amma itatuwan duk za su tafi da ita. Arvid ya waiwayi taga, ya ce a bari tukuna.

Ya koma ga shebur, yana ɗaga ƙanƙara sama da kansa yana jefawa bayan katanga, dattijo mai shekara saba'in da shida. Nas ta fara naɗe madubin motarta kafin ta shigo. Tsoro ya shige shi sosai, ya daina cin abincin kirki, ya daina ɗaga wayar Heidi sai ta kira sau biyu.

Cikin Fabrairu aka yi kwana huɗu ana zubawa. Ya kira mai katafila da kansa, ya ce a zo a kwashe har itatuwan, ya haƙura. Mutumin ya ce akwai gida goma sha wani abu a gabansa, ya ba shi mako biyu. Ranar Litinin nas ta ajiye mota a titi ta shigo da ƙafa, jakarta a ka. Mace ce mai kirki, ta ba shi haƙuri kafin ta ce dole ta rubuta abin da ta gani.

Heidi ta iso ranar Alhamis da safe. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta haɗa kayan uwar a akwati ɗaya. Motar gidan tsofaffin tana jira a titi, keken guragu kuwa ba zai bi ta nan ba. Abu ɗaya ne ya rage da zai iya ratsa hanyar. Arvid ya ɗaura wa babur kwandon robar da yake jan itacen wuta da shi, ya shimfiɗa barguna uku, suka kwantar da Darlene a ciki. Ya ja ta a hankali, garma a ɗage, katanga na gogar gwiwarsa dama da hagu, Heidi na biye da akwati.

A bakin titi, da aka ɗaga ta za a saka a mota, ta kamo hannun rigarsa.

Ya sunkuya, ya gyara mata hula. "Kwana kaɗan ne, tsohuwa. Da hanya ta buɗe zan zo in ɗauko ki."

Ta daɗe tana kallonsa. Ciwon bai taɓa hankalinta ba, ta san mutane nawa suka raka gidan tsofaffin nan, ta kuma san nawa suka dawo.

"Maƙaryaci," in ji ta, tar, ba ko gargada.

Ba ta saki rigar ba, sai da Heidi ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.