Ranar da Na Rungumi Karen Madam

Har gobe ban manta da ranar da na rungumi kare a ƙirjina ba, ni da na shekara huɗu ina tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta Riyad ban yarda ko jelarsa ta shafe ni ba. Ku sababbin direbobi, ku buɗe kunne.

Maigidana Bature ne, shi ne kuma kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take. Matarsa, Madam, tana da wani ɗan kare mai suna Biskit, irin masu fuskar nan a baje kamar an danne ta da faranti. Idanu a waje, hanci sai suna. Ko idonsa biyu minshari yake yi, Madam kuwa sai ta ce, "Ji yadda yake waƙa!" Ni da na tashi cikin tumaki na san dabbar da ta fara wannan waƙar, wuƙa ake nemo mata.

Ƙa'idar gidan, a kunna AC minti goma kafin Biskit ya shiga mota. Ni ko sitiyari zai gasa mini hannu, babu mai tambaya.

Wata Laraba cikin Yuli, bayan azahar, aka ce in kai Biskit aski. Muna tsakiyar cunkoso AC ya mutu. Kafin in sami gefen titi harshensa ya yi shuɗi, ya kife yana gurnani. Wallahi in ya mutu a motata, ni da Riyad sai labari. Na juye masa ruwan alwalata, na sungume shi na ruga asibitin dabbobin da ke gaba, yawunsa na bin wuyana. Ina jin yadda yake kokawa da numfashi, sai tausayinsa ya kama ni.

Da ya farfaɗo, likitan, wani ɗan Masar, ya ce mini, "Ya akhi, ba laifinka ba ne. Da gangan ake haɗa irinsu don su fito haka. Ƙofar hancin ta tsuke, naman ganɗa ya toshe maƙogwaro, shi kuwa kare da haki yake rage zafi."

Madam ta iso tana kuka. Likita ya ce sai an yi aiki an buɗe hancin.

Ta share hawaye ta ce, "Amma fuskar ba za ta canja ba ko?"

"Kaɗan."

"Zan yi tunani."

Iƙamata dai ta tsira. Aikin kuwa ba a yi ba. Da zafi ya zagayo, Biskit ya mutu a kan kujerar falo, AC na busa shi.

Abin da na koya shi ne, a wasu gidajen abin da ido zai gani ake so, wahalar mai rai ba ta dame su ba, dabba ne ko direba. Sati biyu da mutuwarsa aka aike ni in ɗauko sabo. Tun daga cikin kwando nake jin minsharinsa, fuskarsa kuma ta fi ta Biskit bajewa.