Jinin da Na Bayar da Sunan Abokina

Shekarun baya, wata Talata da hantsi, ina bakin get ɗin kamfanin fata da nake aiki a Challawa, an ba mu hutun rabin awa, sai wayata ta yi ƙara. Matar abokina ce. Ba ta saba kirana ba, in da saƙo shi yake kira. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Sakamakon hoton ya fito. Sun ce sankara ce a hanta. Ya ce ku zo in kun tashi." Na yi salati, na ce ina tafe. Ina nan tsaye da ledar ƙosai a hannu har aka buga ƙararrawar komawa aiki.

Kafin in kai ku asibitin, bari in koma baya kaɗan.

Ni da abokin nan ƙauyenmu ɗaya a Jigawa. Mota ɗaya ta kawo mu Kano, ɗaki ɗaya muka kama a Hotoro. Ni na samu kamfanin roba a Bompai, shi ya samu na lemo a Sharaɗa. Kamfanonin abinci suna yi wa ma'aikata gwajin jini. Aka gwada shi, aka ce yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wadda suke kira nau'in B, aka sallame shi. Nas ɗin ta ce masa ana ɗaukarta ta jini, ta reza ko askar da aka yi tarayya, ta wajen haihuwa, da kuma ta saduwar miji da mata. Ta ce ya je babban asibiti. Bai je ba, don ba abin da ke yi masa ciwo.

Saura wata biyu bikinsa ya samu hanya a wani kamfanin biskit a Bompai. Da yamma muna cin tuwo ya ce, "Mutumina, aron jini za ka ba ni."

Na ce, "Maita ka fara?"

Ya ce, "Gobe za a kai sababbi gwaji. Layi ne dogo, suna kawai ake kira, ba mai duba fuska. In an kira nawa, ka amsa."

Na ce, "To ciwon fa?"

Ya naɗe hannun riga ya ce, "Dube ni, dubi kanka. In an jera mu, wa za a ce shi ne mara lafiyar?"

Gaskiya ya faɗa, ni ne siririn. Tambaya ɗaya na yi masa: ana ɗauka ta abinci? Ya ce nas ta ce a'a. Da wannan na kwantar da hankalina, na ce ai ba zan cuci masu cin biskit ba. Yarinyar da zai aura ko kaɗan ba ta zo mini a rai ba, alhali ya gaya mini duk abin da nas ɗin ta lissafa, kuma na ji.

Washegari na shiga layi. Sai da aka kira sunansa sau uku kafin na tuna ni ne. Mai ɗibar jinin ta ce, "Malam, sunan naka ma sai an tuna maka?" Ni kuwa tun ina yaro allura ba ta yi mini ba. Da na fito jiri ya kwashe ni, na zauna a kan dakali. Ga shi ya ɓullo daga bayan mai shayi da kofin madara yana dariya, ya ce, "Sha, jarumi. Yau jininka ya fi ka amfani."

Sau uku na yi masa haka, duk bayan wata shida. Daga nan kamfanin ya koma hannun wasu, aka daina gwajin. Kafin nan an riga an yi biki, a kwana a tashi aka haifi yara uku. Ni na koma Challawa, na kama gida a Panshekara. Muna haɗuwa a suna da Sallah. Wani lokaci in ya gan ni sai ya dafa hannunsa wajen jijiya, mu yi dariya, ba wanda ya san me muke wa dariya.

Sama da shekara goma aka yi kafin ya fara rama. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, ya sha jiƙe-jiƙe wata da watanni. Sai da cikinsa ya kumbura aka kai shi asibiti.

Ranar da matarsa ta kira ni, na isa bayan la'asar, na tarar likita na zagaye. Mutum ne mai magana a hankali. Ya ce wannan ƙwayar tana iya zama a jikin mutum shekaru ba tare da alama ba, tana cin hanta kaɗan-kaɗan, a wasu har ta kai ga sankara. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, akwai wata ƙwayar da ake ɗauka ta saduwa, ita ke jawo wa mata sankarar bakin mahaifa. Ya ce da an sani da wuri, da ana bibiya, akwai magani mai danne ta, kuma akwai rigakafi ga iyali. Sannan ya tambaya, "An taɓa yi masa gwajin nan a baya?"

Matarsa ce ta amsa. "An yi masa, likita. Har sau uku a wajen aiki, duk lafiya lau. Takardun suna gida, na adana su."

Likita ya ce, "Abin mamaki. Irin wannan ɓarnar ba ta kwana-kwanan nan ba ce." Abokina ya dube ni. Ni na dubi ƙarfen gado.

Da ta fita alwala, ya jawo hannuna ya ce, "Ka tsaya mata a yi musu gwaji, ita da yara. Amma waccan maganar, ka bar ta."

Na ce, "Kai ya kamata ka gaya mata."

Ya ce, "In ce mata me? Na sani na aure ta a haka? Bari in ɗan samu ƙarfi tukuna."

Bai samu ba. Kwana ashirin da wani abu ya ƙara, ya rasu ranar wata Juma'a da safe. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana baki ɗaya.

Na cika rabin farko na wasiyyar. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na raka su. Yaran ba su da ita, an ce allurar da aka yi musu suna jarirai ta taimaka. Ita kuwa tana ɗauke da ita. Aka buɗe mata kati, aka ce ta riƙa zuwa ana duba hantar. Har yau tana zuwa, kuma alhamdu lillahi da sauƙi. Matata ce ke raka ta. Ni ma na sake gwaji, wannan karon da sunana, aka yi mana rigakafi ni da iyalina.

Bayan ta fita takaba na kai musu ziyara. Ina zaune a soro ta fito da wata leda, ta ajiye a gabana. Takardun nan uku ne, da sunansa da hatimi.

Ta ce, "Malam, ku kuka san shi tun kafin ni. Takardun nan sun ce lafiyarsa ƙalau lokacin da ya aure ni. To ko dai waje ya je ya ɗauko, ko kuma ni ce na sa masa. Na rasa wanne zan ɗauka. Don Allah, in kun san wani abu, ku gaya mini."

Tun tana amarya nake ce mata Amarya, har ta haifi na uku ban canza ba. Ranar na kasa. Na ce, "Ki yi haƙuri. Mijinki ba mai bin mata ba ne, wannan na shaida. Ke ma ba ki da laifi. Sauran, Allah ne masani."

Ta ce, "Haka ne." Ta naɗe takardun, ta mayar cikin leda.

Ba ni da ilimin da zan yi wa kowa wa'azi. Abin da na gane kawai shi ne, ni na ɗauka takarda muke ruɗa, da masu gwaji, da kamfani. Aikin na tsare masa, ban tsare shi ba. Ban ce da na ƙi da yana raye ba, kwana na Allah ne. Amma da na ƙi, wataƙila da ya je asibitin nan, wataƙila da an yi mata allura kafin biki. Yanzu in wani sabon yaro a wajen aiki ya ce an ga abu a jininsa amma shi lafiyarsa lau, nakan ce ya shirya in raka shi.

Matarsa kuwa, na sha shirya maganar da zan yi mata a raina, a kan babur daga Panshekara zuwa Hotoro. In na faɗa, na sauke mata zargin kanta, na kuma nuna mata cewa ya sani ya yi shiru, ni ma na sani. In na isa sai mu gaisa, in tambayi karatun yara, in ajiye abin da na riƙo, in juyo.

Takardun suna wajenta har yanzu. Ban gaya mata jinin wa aka gwada ba.