Rubutun Bilkisu Ya Fito da Ƙarfe Tara

Bilkisu ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni.

Ina wanke kofunan shayi a gidanmu nan Ikara, wanta Yaya Sani ya kira ni. Ya ce, "Zainabu, sai haƙuri. Bilki ta cika jiya bayan la'asar, mun kai ta kafin magariba. Zazzaɓi ne, kwana biyu kacal."

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan. Na ajiye wayar, na ƙarasa wanke kofunan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Bilkisu ce editar mujallar ɗalibai ta jami'armu, ni ce mataimakiyarta. Ita ta dage bara sai mun daina bugawa a takarda mun koma intanet. Ni kuwa na fi kowa tayar da jijiyar wuya. Na ce mujallar da ba a riƙe ta a hannu ai ba mujalla ba ce.

Ba ta yi musu da ni ba. Washegari ta sayo mana ƙosai a bakin get, ta ajiye min a gabana. An naɗe shi da shafin da rubutuna yake, mai ya jiƙe sunana. Ta ce, "Ci, Hajiya. Ga masu karatunki nan."

Kwana biyu ban kula ta ba. A na uku na kawo laftof ɗina.

Haka take. In ta gyara maka rubutu ba za ta faɗa gaban mutane ba, sai dai ka ga ya fito tas ka ɗauka kai ne gwani. In ta dawo daga gida kuwa, kowa a ofishinmu sai ya sami mazarƙwaila, har waɗanda suka zage ta a mitin.

Garinsu Gubuchi, kuma a gidansu netwok sai an yi sa'a. Shi ya sa da aka yi hutu take hawa mashin ta fito Makarfi, ta zauna a wani shagon caji, ta ɗora rubutun makonni, ta saita kowanne ranar da zai fito da kansa. Duk Alhamis, ƙarfe tara na safe.

A shagon na gan ta ƙarshe, ranar Asabar da ta wuce. Na kai mata hotunan tsofaffin mujallun da muke son ɗorawa. Tana zaune a benci, laftof a cinya, tana zagin data. Na ce ta huta mana, ai hutu ake yi.

Ta ce, "Guda huɗu na saita. Ko na ɓace wata guda ba wanda zai sani."

Muka yi dariya. Na hau motar Ikara ko waiwayowa ban yi ba, don sauri nake kar a cike gidan gaba.

Yau Alhamis.

Ƙarfe tara, wayata ta yi ƙara. Sabon rubutu daga Bilkisu, da sunanta da hotonta, a kan ɗaliban da ke komawa gida taya iyayensu aikin gona. Kafin in san abin yi har kwament sun fara shigowa. Wannan ya ce, Allah ya ƙara basira, Edita. Wata ta ce ta tura mata saƙo tun jiya, ta duba. Wani ma gardama yake yi da ita, yana jiran amsa.

Na zauna ina kallo. Ban yi kuka ba, har yanzu ma ban yi ba. Ji nake kamar jikin ba nawa ba ne.

Saura uku. Mu biyu kaɗai ke da fasawod ɗin shafin, yanzu kuma ni kaɗai. Danna abu ɗaya zan yi su tsaya. Na buɗe wajen, na rufe, na sake buɗewa. In na tsayar, kamar ni na rufe mata baki. In na bari, duk mako sai ta yi wa mutane magana alhali tana ƙasa.

Na kasa yankewa, sai na sake kiran Yaya Sani. Na yi masa bayani, sai ya miƙa wa Innarsu wayar.

Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na faɗa mata. Ta ce, "Abin da take fita Makarfi dominsa ke nan?" Na ce shi ne, Inna.

Ta ce, "In babu saɓon Allah a ciki, ki bar mata, 'yar nan. Rana ta dake ta a kansu."

Na karanta su duka ukun. Babu. Zan bar su.

Allah ya jiƙan Bilkisu, ya yafe mata kurakuranta, ya sa abin da ta rubuta ya zame mata sheda ta alheri. Allah ya ba Inna da Yaya Sani haƙuri.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Alhamis uku masu zuwa za ku ga sunanta ya fito ƙarfe tara. Kada ku yi mata tambaya, kada ku jira amsa. Ku karanta, sannan ku yi mata addu'a. Bayan ta ukun, babu wani kuma.