Ranar da Gwaggo Ta Zo Binciken Asali

Ni na haɗa su, shi ya sa har yau abin yake ci mini rai. Ita ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jamaika, gida ɗaya muke haya a Bur Dubai, ta musulunta tun kafin mu sadu. Shi kuwa ƙanena ne, yana aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida, a Al Sabkha. Da maganar aure ta taso, gida suka ce sai an yi binciken asali kamar yadda aka saba. To, wa zai je Jamaika? Sai aka ɗora wa gwaggonmu, tunda dama tana zuwa Dubai sarin leshi.

Na san tarihin gidansu, don takan ba ni idan ina yi mata kitso. Daga kakarta ta ji, ita ma daga tata kakar. Matan gidansu bayi ne, a gonar rake suka ƙare. Mace tana saran rake da tsohon ciki, ta haihu, kafin ta warke an mayar da ita, jaririn na kwance a bakin gona yana tsala kuka, ba ta da ikon zuwa sai an ba ta izini. Ɗaya daga cikinsu a kan idonta aka sayar da 'yarta. Ita ce kuma ta noma doya da kuɓewa a ɗan fegin da aka bar mata cikin duwatsu, ran Lahadi ta ɗauka a ka zuwa kasuwa, da haka ta raya sauran. Ƙawata da alfahari take faɗin wannan, ni ma har tsikar jikina takan tashi.

Ni da bakina na ce mata, "Idan Gwaggo ta zo ki faɗa mata duka. Mutanenmu suna son mai tarihi." Wauta dai na tafka ta.

Gwaggo ta zo, na ƙetaro da ita ruwan da ya raba garin a kwale-kwale. Ƙawata ta dafa shinkafa da wake irin nasu, da ruwan kwakwa. Gwaggo na tambaya, ina fassarawa. Dangin uwa fa? Na uba su ma haka? Da ta ji labarin duka, har ƙwalla Gwaggo ta share da bakin mayafi, ta riƙe hannun ƙawata ta ce, "Allah sarki, 'yata. Ai kin dawo gida."

Washegari a shagon leshi, ina tsaye a gefenta, ta kira babanmu. "Yaya, yarinya ba laifi, akwai tarbiyya. Amma baiwa ce gaba da baya, da bakinta ta faɗa. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce, "Gwaggo, su wa suka sayar da su? Ba daga ƙasashenmu aka kwashe su ba?" Ta ce in rufe mata baki, ba karatu ya kawo ta Dubai ba. Ƙanena da nake zaton zai tsaya, cewa ya yi ba zai ja da manya ba, ya daina ɗaga wayar ƙawata. Ban taɓa jin an ci amanata irin na ranar ba, kuma na san da hannuna aka ci tata.

Ni aka bar wa faɗa mata. Ta dawo daga aiki, ko kayan asibiti ba ta cire ba, na zaunar da ita na faɗa. Sai ta tambaye ni, "Lokacin da gwaggonki take kuka, ta riga ta yanke hukunci?" Na ce ban sani ba. Ƙarya nake yi.

Ta ce, "A kasuwa ake buɗe wa kakannina baki a duba haƙoransu. Su dole aka yi musu. Ni kuwa ke kika ce in buɗe."