Direban da Bai Taɓa Danna Jan Maɓalli Ba

Duk wanda ya san garejin masu haƙa rijiyar burtsatse ya san Dogo, direban da ke kai musu mai da bututu can dajin da waya ba ta kamawa. Kamfani ya maƙala wa kowace mota 'yar na'ura mai jan maɓalli: ka danna, ofis ya ga inda kake, a turo agaji. Amma direbobi, da shegen girman kansu, sun mai da ita abin tsiya. Wanda ya taɓa dannawa saboda ciwon ciki, har yau Amarya suke kiransa. Dogo ne kan gaba wajen tsokanar, don shi har furfura ta fito masa bai taɓa dannawa ba.

Wata tafiya ya ɗauki ƙaninsa, bakanike mai mata da 'ya'ya. Da hantsi taya ta yi faci. Ƙanin ya shiga ƙarƙashin mota zai kafa jak, maciji ya sare shi a hannu.

Dogo ya ɗaure hannun da tsumma, ya tambaye shi ko a danna. Ƙanin, wanda tun yana yaro bai taɓa yin raki a gaban yayansa ba, ya yi murmushin dole.

"Yaya, kai ka san hanya. Yadda ka gani."

Shi Dogo jira yake ƙanin ya ce wayyo, shi kuma ƙanin jira yake Yaya ya yanke. Haka suka zauna a inuwar mota suna jin nauyin juna, hannu na ta kumbura. Sai da jini ya fara fita daga dasashin ƙanin sannan Dogo ya danna. Masu agaji suka iso, suka tarar da shi rungume da gawa.

Tun daga nan Dogo ya ajiye tuƙi. Yana nan a gareji yana wankin motoci, ba ya dariya, ba ya shiga hira. Baƙin ciki ya cinye shi, kuma ba wanda ya iya ce masa komai.

Matar ƙanin ce kaɗai ta taɓa tambayarsa, bayan ta fita takaba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce so take ta san wanda za ta bar wa Allah.

"Yaya, masu agajin ne suka yi jinkiri?"

Dogo ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "Su da wuri suka zo."