Makullin Famfon Gidanmu na Gubaira

Wata Juma'a a tsakiyar zafin shekarar 2012, bayan an sauko daga masallaci, mazan gidanmu suka taru a tsakar gida a kan maganar ruwa. Ina da shekara goma sha ɗaya. Ina zaune a matakalar bene, siminti na ƙona mini tafin ƙafa, ina kallon Alhaji Tanko direban tirela yana ɗaga sabon kwaɗo na tagulla, yana rantsuwa cewa daga ranar za a riƙa kulle famfo.

Tsohon gida ne a unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa, bayan layin masu gyaran mota. Iyalai uku ne 'yan Kano, sauran ɗakunan kuma samarin Maradi da Damagaram ne masu aikin gini. Mai gidan, wani dattijon Balarabe da ke zaune a unguwar Nasiriya, ya daɗe da barin komai a hannun mahaifina, Malam Idi kafinta. Ruwa yakan zo layinmu Talata da Laraba, ya taru a hazan, wato ramin siminti da ke ƙarƙashin tsakar gida, kowa ya ɗiba ta famfo ɗaya. A kan murfin ramin nan muke zana 'yar gala-gala da gawayi, mu yi carafke da ƙwallayen dabino, har Umma ta aike ni bakala, wato kantin unguwa, sayen burodin kubus. Wannan bazarar ruwan ya fara ƙarewa tun Lahadi. Alhaji Tanko ya ce samarin ne ke wanka sau biyu, su kuma suka ce wankin matan gidansa ne. Har an fara maganar a rubuta wa mai gida ya kori wasu.

Baba ya ƙyale su har kowa ya gaji. Da aka miƙa masa makullin, ya karɓa da hannu biyu ya ce madalla. Ya shiga ɗaki ya fito da guduma, ya kafa ƙusa a bango gefen famfo, ya rataye makullin da kwaɗon a buɗe, ya koma ya ci gaba da cin abincinsa. Daga ranar shi ke ɗiba na ƙarshe, rabin bokiti, a gaban kowa. Ruwan da na ɗauraye kwanoni da shi muke zubawa a banɗaki. Kowace safiya yakan miƙa wa Alhaji Tanko sandar da ake auna hazan ya ce, "Alhaji, duba mana, idonka ya fi nawa." Bai taɓa hana kowa ba, bai kuma nuna kowa da yatsa ba. Sannu a hankali samarin suka koma wanka a wurin aikinsu, matan Alhaji suka haɗa wankinsu ranar Laraba. Ba a kori kowa ba.

Ni ban ga duk wannan ba. Abin da na gani shi ne Alhaji Tanko yana bugun ƙirji a ƙofar gida cewa dabararsa ce ta gyara komai, Baba na gyaɗa kai yana cewa haka ne. 'Yar Alhaji kuma, ƙawata ta makaranta, ta ce mini a gaban yara babana ko kyanwa ba ya iya korarwa. Na dawo da la'asar na same shi yana feƙe ƙafar wata kujera. Na tsaya a kansa na ce masa matsoraci. Da Larabci na faɗa, don da Hausa bakina ba zai iya ba. Umma ta miƙe da ludayi a hannu, ya ɗaga mata hannu ta zauna. Ya juyo gare ni.

"Uwani, ruwan ya kai Talata ko bai kai ba?"

Na ce ya kai.

"To, miƙo mini buta."

Na miƙa masa, na yi gaba ina kumburi. Na yi niyyar ba shi haƙuri, amma kullum sai in ce gobe, shi kuma bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya, abin da ya sa na ga babu gaggawa. Farkon sanyi ya faɗi a wurin aiki, zuciyarsa ta tsaya. Maza suka kai shi makwancinsa, a ƙasar da ba a rubuta suna a kabari. Iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tasa take, don haka kafin a yi kwana arba'in muna Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Alhaji Tanko ne ya ɗauki akwatunanmu, bai iya haɗa ido da Umma ba.

Yanzu ina Kano, ina da shagon ɗinki da 'yan mata shida a ƙarƙashina. Kwanakin baya ina guga na ji wani shiri a rediyo game da tsohuwar hikimar mutanen Sin da suke kira Tao, wadda ke koyar da shugaba ya sauke kansa, ya rage tilastawa, ya bar mutane su ji aikin nasu ne. Na kashe dutsen gugar na zauna. Baba bai taɓa jin sunan nan ba. Da ya ji, cewa zai yi ai haƙuri ne da tawali'u, a masallaci ya koya.

Ni kuwa ina da tsawa. Idan ina shago kekuna na gudu, idan na fita kasuwa sai hira. Na gwada irin tasa, na kasa yin kwana uku ban ɗaga murya ba. Sai yanzu na san nauyin abin da ya ɗauka ranar da 'yarsa ta tsaya a kansa bai rama ba. A wancan gidan mutum talatin suka zauna lafiya ba su taɓa jin ya ba da umarni ba. Muryarsa ta fara ɓace mini, tawa ce ta rage, tana faɗin kalmar nan.