Wasa Na Hannun Ɗangana

Duk wanda ya zauna a Yelwan Yauri a shekarun farko na Jihar Kebbi ya san shagon Dauda mai tafireta, a kan hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Siriri ne, mai taka-tsantsan har ya yi yawa, irin mutumin da ko shayi aka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofi. Da wani aikin bunƙasa kamun kifi ya naɗe tabarmarsa ya bar garin, injiniyansu ya bar masa tsohuwar kwamfuta don buga takardu. Takardun ya buga, amma abin da ya cinye masa hankali wasanni biyu ne da ya tarar a cikinta, dukansu na mulkin taurari.

Sunayensu na Turanci sun ƙi zama a bakin kowa, sai Dauda ya raɗa musu nasa: Mai Noma da Mai Yaƙi. A Mai Noma kai kaɗai ne da na'ura. Za ka sauka a wata duniya, ka shuka, ka gina, ka ƙulla amana da maƙwabta, komai a hankali, shi ya sa ya dace da halin Dauda. Mai Yaƙi kuwa mutum biyu ke iya yinsa a kwamfuta ɗaya, bi da bi: ka ƙera jiragenka, ka tura su, ka tashi daga kujera abokin karawarka ya zauna. Hotunansa ba su kai na Mai Noma kyau ba, amma ya fi shi sa mutum gumi.

Ruwan sama ne ya koro masa abokin wasa. Ɗangana basarke ne daga Warra, wato ɗan gidan masunta, mai kawo bandar kifi ranar kasuwa. Ya fake a shagon, ya tsaya a bayan Dauda yana kallo, can ya ce, "Ɗan birni, wanga noma naka ba shi da ranar girbi? Sa muna mai faɗan nan."

Daga ranar suka ɗora wasa ɗaya mai tsawo. Ɗangana ba ya karanta Turanci, Dauda ke fassara masa, kuma ko sau ɗaya bai cuce shi a fassara ba. In la'asar ta yi jirgin Warra zai tashi, sai a adana wasan a faifai, a bar shi sai wata kasuwar. Kullum suna musun wanne ya fi. Dauda ya ce Mai Yaƙi wasan masu gajen haƙuri ne, Ɗangana ya ce Mai Noma wasan matsorata ne, kuma ba wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa.

Wata kasuwa iska ta tashi a tabki, jirgin Warra bai zo ba. Wasa na hannun Ɗangana, jiragensa sun iso ƙofar babbar duniyar Dauda, sai dai a warwatse suke, wasu sun ji rauni. Dauda mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya bar shi. Ya zauna ya gyara masa su, ya jera su tsaf, alhali kansa yake haƙa wa rami. A ransa alheri ya yi.

Da Ɗangana ya zo a kasuwa ta gaba, kallo ɗaya ya yi wa allon. "Wa yat taɓa min jirage?"

"Ni na. Gyara maka su na yi, duba ka gani."

Ɗangana ya miƙe. A tabki, in mutum ya shimfiɗa kalli, ragar nan da ake kafawa a bari ta kwana a ruwa, ba mai ɗaga masa ita, ko da kuwa ɗan'uwansa ne. "Ko kihi na ruɓewa ciki, ba ka taɓa kallin wani," in ji shi. "Ko ka kai mai kihin har gida, ɓarawo sunanka ga ruwa." Ya ɗauki kwandonsa ya fita.

Dauda ya ji kunya, ya kuma ji haushi, don shi dai bai saci komai ba. Amma da haushin ya huce, ya ɗauko faifan da ke ɗauke da wasan tun kafin ya sa hannu, ya mayar da jiragen yadda mai su ya bar su, a warwatse, ya jira. Ɗangana bai dawo ba. Daga baya aka ce ya bi kifi zuwa Baga, can tabkin Chadi, da iyalinsa duka.

Shekaru suka shuɗe. Tsawa ta ƙona tsohuwar kwamfutar, tafireta ta koma ƙarƙashin tebur, 'ya'yan Dauda suka girma. Wasan kuwa bai yarda ya mutu ba. Daga ƙaramin faifai ya kwafe shi zuwa faifan sidi, daga nan zuwa filash, don ya san yadda laimar Yauri ke cinye kaya. Matarsa Delu takan ce, "Malam, da ni kake lallaɓawa haka, da yanzu na yi ƙiba."

Ran nan Tamada, mai sarin kifi, ta kawo labari cewa Ɗangana ya dawo Warra, ƙafa ta hana shi shiga ruwa. Dauda ya ce ta faɗa masa wasa na hannunsa. Da ta dawo ta ce, "Ya ce ya ji." Iyakar amsar ke nan, kuma kasuwa na matsowa.

Nan aka shiga aiki, don sabuwar kwamfutar shagon ta ƙi sanin wasannin kwata-kwata. In an danna, sai allo ya yi baƙi ya dawo. 'Yarsa Lubabatu, wadda ta karanta kwamfuta a Birnin Kebbi, ta sauko da wata manhaja mai sa sabuwar na'ura ta yi shigar tsohuwa. Mai Noma ya tashi ba gardama, har da kiɗansa. Mai Yaƙi ya tashi da hauka: jirage na wucewa kafin ido ya kama su, kibiyar da ake nuni da ita na tsalle, sauti na kakari.

"An ɗaura wa kwalekwale injin babban jirgi," in ji Dauda. "Rage mai wuta."

Ta yi ta rage gudun kaɗan-kaɗan, yana cewa a ƙara ragewa, har tafiyar jiragen ta koma yadda ya san ta. Sai ta buɗe tsohon wasan da aka adana, ta kai hannu za ta gwada motsa jirgi. Dauda ya riƙe mata hannu.

"Baba, kwafi ne fa. Ko na taɓa, akwai wani a filash."

"Na sani. Da hannun nan na yi irin wagga taɓawa, ta raba ni da aboki. Gwada da sabo."

Ranar kasuwa ya ƙi karɓar aikin kowa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, yana leƙen hanyar bakin ruwa yana komawa. Bayan azahar ɗan acaba ya sauke wani dattijo mai sanda a ƙofar shagon. Suka gaisa doguwar gaisuwa, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu, ba wanda ya ambaci kalli. Lubabatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo masa kujera.

Ɗangana ya matso da fuskarsa dab da allo ya daɗe yana duba. Ga jiragensa a warwatse, ga masu raunin nan a gefe, inda ya bar su. Ga duniyar Dauda a buɗe, ba mai tsaronta. Danni biyu ya rage wasan ya ƙare, kuma dukansu sun sani.

"Ɗan birni, wane na maɓallin komawa gida?"

Dauda ya nuna masa da baki, bai kai hannu ba. Ɗangana ya juya jiragen ɗaya bayan ɗaya, suka ba duniyar Dauda baya. Mutumin da ya yi shekaru yana kiran Mai Noma wasan matsorata ya gama nasa zagayen bai harba ko harsashi ba. Ya dafa sanda ya tashi daga kujerar.

"Naka na," in ji shi. "Kada ka yi gaggawa. Ina nan tahe kasuwa mai zuwa."